Yadda ake zaɓen wuƙar yanka kayan lambu ta Japan don girkin gida

A al'adance, mutanen Japan ba sa ɗora wa wuƙa ɗaya aiki da yawa. Ta fasa kan kifi da ƙashinsa daban, sunanta deba. Ta yanka tsokar kifi siri-siri daban, ita ce yanagiba. Ganye da kayan miya su ma suna da nasu, kuma a kansu za mu tsaya, domin a nan ne masu girkin gida suka fi yin asarar kuɗi. Mutum zai ga hoton wuƙa mai ƙyalli da zane a jiki, ya biya kuɗi masu tsoka, ba a yi wata biyu ba bakinta ya yi giɓi ko tsatsa ta kama ta, sai ya ce an cuce shi. Sau da yawa kuwa wuƙar lafiyarta ƙalau, gidan da aka kai ta ne bai dace da ita ba.

Saboda haka, uwargida, zaɓen nan daga kicin ɗinki yake farawa, kafin a je kanti ko a buɗe waya. In maigida ne zai yi sayayyar, shi ma ya daure ya karanta har ƙarshe.

Abin da za ki tanada

Katakon yanka. Shi ne na farko, domin wuƙar Japan ba ta aiki sai a kansa. Ki nemi na itace mai ɗan taushi ko na roba mai kauri. A Japan an fi son na itacen hinoki, amma kowane katako mai laushi da kafinta ya goge sumul zai yi. Kada ki yi yanka a kan gilashi, tayil, faranti ko tiren ƙarfe. Na gora ma ya cika tauri, yana cin kaifi.

Dutsen washi na ruwa mai lamba 1000 (iya girman lambar, iya laushin dutsen). King, Shapton da Naniwa duk sanannun kamfanoni ne na Japan da ke yin sa. In da hali ki ƙara mai lamba 3000 zuwa 6000 don gogewa, amma ba dole ba ne a farko.

Rula ko tef ɗin tela, don auna katakonki da wuƙar da kika saba da ita. Sai busasshen tsumma wanda za a ware wa wuƙar, da takarda da nunannen tumatir ɗaya na gwaji, da alƙalamin maka.

Sai kuɗi, kuma ki raba su tun yanzu. Kamar kashi biyu cikin uku na wuƙa, sauran na dutse da katako. Wadda ta zuba kuɗinta duka a wuƙa ta bar dutse, bayan 'yan watanni dakusasshiyar wuƙa mai tsada za ta riƙe.

1. Ki fara duba yadda kike aiki

A gidajenmu da yawa a hannu ake yanka. A dunƙule alayyafo a tafin hannu a riƙa saftarsa yana zuba a kwano, a riƙe albasa ko kuɓewa a sassara ta wajen babban yatsa. Wannan salon yana tafiya da ƙaramar wuƙa mai matsakaicin kaifi. Kada ki kuskura ki gwada shi da wuƙar Japan, kafin ki ji zafi jini ya zuba. In ba ki shirya komawa kan katako ba, ki ajiye kuɗinki, wannan wuƙa ba taki ba ce tukuna.

Sai ki tambayi kanki wa ke wanke-wanke. In yara ne ko mai aiki, kuma wuƙa takan kwana cikin ruwan kwanuka, wannan zai yanke miki hukunci a mataki na uku. Ki duba kuma me kika fi yankawa. Kabeji, karas, albasa, tattasai, latas, kokwamba, koren wake, alayyafo, dankali, duk abincinta ne. Kaza mai ƙashi, daskararren nama, busasshen kifi, kwakwa, rake da masara a totuwarta, ko kusa kada su zo. Doya da kabewa mai taurin ɓawo suna tsakiya: za ta yanka su in an danna a miƙe, amma da zarar an murɗa ta a ciki baki zai ɓantale. Ni dai na fi son a bar wa tsohuwar wuƙa wannan aikin.

In ke bahaguwa ce, ki riƙe wannan a ranki, zai dawo a gaba.

2. Ki zaɓi siffa: nakiri, usuba ko santoku

Nakiri ita ce wuƙar kayan lambu ta gidajen Japan tun da. Ruwanta mai kusurwa huɗu ne, ba ta da tsini, bakinta kusan a miƙe yake tun daga gindi har ƙarshe. Amfanin miƙaƙƙen bakin shi ne yana sauka a kan katako gaba ɗaya, don haka ba za ki ɗaga yankakken tattasai ki tarar fatar ƙasa ta riƙe shi jere ba. Faɗin ruwan kuma yana ba yatsun hannun da ke riƙe da abin yanka wurin jingina, sannan kina iya kwashe abin da kika yanka a kansa ki zuba a tukunya. An fere bakinta ta gefe biyu daidai, kamar wuƙaƙen da muka saba da su, shi ya sa mai dama da bahaguwa duk suna iya aiki da ita, kuma wasa ta ba wuya. Mai kallo zai ɗauka adda ce ta sara ƙashi saboda siffarta. Ba haka ba ne, siririya ce ƙwarai.

Usuba a ido kamar nakiri take, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Ita ta gefe ɗaya kawai aka fere bakinta, ɗaya gefen kuma an ɗan rarake shi. Wuƙar ƙwararrun masu dafa abinci ce. Da ita suke feren farin tushen nan daikon su mayar da shi dogon falle wanda ake hango haske ta cikinsa, aikin da suke kira katsuramuki, wanda ɗalibi ke daɗewa yana koya. Iri biyu ce: ta yankin Tokyo mai kai a daddatse, da ta yankin Osaka da Kyoto mai lanƙwasasshen kai da ɗan tsini, ana ce mata kamagata. A hannun wanda bai saba ba usuba tana karkata gefe a cikin karas ko dankali, bakinta ya fi saurin ɓantalewa, wasa ta ilimi ne mai zaman kansa, ga tsada. Ta bahago kuma sai an nema musamman, kuma ta fi kuɗi. Ban ga dalilin da mai girkin gida za ta fara da ita ba. In mai sayarwa ya ce miki ai usuba ta fi kaifi, gaskiya ya faɗa, amma ba ke za ki mori kaifin ba.

Santoku ta yaɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da cin nama ya ƙaru a gidajen Japan aka buƙaci wuƙa ɗaya da za ta yi ganye da nama da kifi. Tana da ɗan tsini, bakinta yana da ɗan lanƙwasa. Akwai 'yar uwarta bunka mai kai a datse a karkace, tsininta ya fi fitowa.

To, wacce? In kina da wata wuƙa mai kyau ta nama, kuma kina yawan yanka kabeji da ganye da albasa mai yawa, ɗauki nakiri. In wuƙa ɗaya tak za ki saya ta yi komai ban da ƙashi, ɗauki santoku. Rashin tsinin nakiri za ki ji shi wajen cire idon dankali ko cibiyar tumatir, don haka ki ajiye ƙaramar wuƙa kusa.

3. Ki zaɓi ƙarfe

Wannan ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne ke ɗaga farashi ko ya sauke shi.

Taurin ƙarfen wuƙa ana auna shi da ma'aunin Rockwell, za ki ga an rubuta HRC da lamba. Wuƙaƙen Jamus yawanci suna tsakanin 56 zuwa 58. Na Japan da yawa wajen 60 suke, wasu har 64 ko sama. Ƙarfe mai tauri yana karɓar siririn baki kuma ya daɗe da kaifinsa, amma ba ya lanƙwasa in ya gamu da abu mai ƙarfi, ɓallewa yake yi. Ga mai farawa, 60 zuwa 61 ya wadatar. Kada babbar lamba ta ruɗe ki.

Ƙarfen wuƙa gida biyu ne. Na farko ƙarfe mai tsatsa, wanda sinadarin kabon ya yi masa yawa kuma ba a sa masa isasshen kuromiyam ba. Sanannunsu su ne shirogami da aogami, waɗanda masu sayarwa da Turanci ke rubutawa White da Blue, sai lamba 1 ko 2 a gaba, da kuma Aogami Super. Ana narka su ne a garin Yasugi da ke lardin Shimane, a masana'antar kamfanin Hitachi Metals, wanda ya koma Proterial a 2023. Shirogami kusan tsantsar ƙarfe ne da kabon, yana wasuwa cikin sauƙi kuma kaifinsa abin mamaki ne. Aogami an ƙara masa tangistin da ɗan kuromiyam, sai ya fi riƙe kaifi. Matsalarsu ɗaya ce: ruwa da tsami. Ki yanka tumatir ko lemon tsami ki ajiye wuƙar ki je ki duba tukunya, kafin ki dawo launinta ya fara sauyawa. A kwanakin farko ma takan ɗan baƙanta albasa ta bar mata warin ƙarfe, har sai jikinta ya yi wani launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi wanda ke kare ta. Wannan launin ba tsatsa ba ne, kada ki kankare shi. Tsatsa ja ce ko ruwan lemo, kuma tana da kaushi. Ki tuna miyarmu kusan kullum da albasa da tumatir take farawa, ga laimar damina. Wadda ba za ta iya share wuƙa da tsumma duk bayan yanka ba, ta bar wannan gidan.

Na biyu ƙarfe mara tsatsa, wanda kuromiyam ɗinsa ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wanda za ki fi gani shi ne VG-10, na kamfanin Takefu da ke lardin Fukui, mai kabon kusan kashi 1 da kuromiyam kusan kashi 15, taurinsa wajen 60 zuwa 61. Akwai Ginsan, wanda ke wasuwa da daɗi kusan kamar shirogami. Akwai AUS-8 da AUS-10 masu sauƙin kuɗi, na farkon ya fi laushi, yana saurin dakushewa amma yana yafe kuskure. Akwai SG2, wanda wasu ke kira R2, mai daɗewa da kaifi sosai, sai dai tsada da cin lokaci a kan dutse. Mara tsatsa ma in ya kwana a ruwan gishiri zai yi tabo, juriya ce kawai ya fi.

Akwai hanyar tsakiya. Wuƙaƙen Japan da yawa falle uku ne, ana kiran ƙirar sanmai: ƙarfe mai tauri a tsakiya shi ne baki, sai mai laushi ya rufe shi dama da hagu. Za ki iya samun wadda cikinta aogami ne amma rigarta mara tsatsa ce, sai ya zama ɗan siririn layin baki kawai ke buƙatar kulawa. In kina sha'awar kaifin ƙarfen gargajiya, ta nan za ki shiga. Ki tabbatar kin tambaya rigar wane ƙarfe ne, domin wata rigar baƙin ƙarfe ce mai saurin tsatsa fiye da cikin.

Zanen da ke jikin ruwa kuwa, ko mai layi-layi da ake kira damaskus, ko mai tabon guduma, ko baƙin nan na maƙera da ake kira kurouchi, duk a kan riga yake. Ba ya ƙara kaifi ko kaɗan. Ana cewa tabon guduma yana rage mannewar dankali a jikin ruwa, ni dai bambancin da na gani kaɗan ne. In ya burge ki kuma aljihu zai ɗauka, ba laifi, amma ki san ado kika biya.

Shawarata ga wuƙar farko: nakiri ta VG-10 ko Ginsan.

4. Tsawo, faɗi da kauri

Nakiri ta milimita 165, wato santimita 16 da rabi, ita ce ma'aunin gida, kuma ta ishi yawancin mutane. Ta 180 tana da daɗi ga mai babban hannu ko mai yawan raba manyan kabeji. Ƙasa da 150 ta yi kaɗan a matsayin babbar wuƙar kicin. Ki auna katakonki: ya kamata faɗinsa ya zarce tsawon ruwan da kyau, in ba haka ba rabin abin da kika yanka a ƙasa zai ƙare.

Faɗin ruwa, daga baki zuwa baya, yakan kai milimita 50 ko ɗan sama. Abin dubawa shi ne in kin sauke baki a kan katako, gaɓoɓin yatsunki da ke riƙe da ƙota kada su bugi katakon.

Kauri ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. Bayan wuƙar yakan kai kamar milimita 2, amma abin da ke sa ta ratsa karas salin-alin shi ne sirantar ƙarfen da ke sama da baki kaɗan. Ki juya wuƙar ki leƙa ta daga wajen ƙota, ki ga yadda ƙarfen ke tsukewa zuwa baki. In ya sauko da kauri sannan ya tsuke farat ɗaya, wannan tsaga karas za ta yi, za ki ji ƙarar fashewa. In ya sirance a hankali har ya kusa ɓacewa, ita ce. Masu sayarwa na ƙwarai a intanet suna saka hoton wannan ɓangaren. In babu, ki roƙa a turo miki.

5. Ƙota

Iri biyu ce. Ta gargajiyar Japan icce ne mara nauyi, galibi na bishiyar ho, da zobe na ƙahon ɓauna ko roba a wuya. Takan zo mai kusurwa takwas, ko mulmulalliya, ko mai tudu a gefe ɗaya. Mai tudun nan an yi ta ne don hannun dama, bahaguwa ta nemi mai kusurwa takwas. Irin wannan ƙotar tana mayar da nauyin wuƙa gaba, abin da ke taimakawa wajen sara ganye, kuma in ta lalace ana cire ta a sa wata. Sai dai icce ne tsirara: jiƙa shi kullum da bushewar hunturu suna iya tsaga shi, don haka a riƙa shafa masa ɗan mai.

Ta Turawa mai ƙusoshi ta fi nauyi, ta fi jure ruwa, kuma hannunki ya riga ya san ta. A gida mai hannaye da yawa ita na fi ba da shawara.

6. Ki san inda aka ƙera ta

Garuruwan ƙira a Japan sanannu ne. Sakai, kusa da Osaka, ta yi suna tun ƙarni na 16 da wuƙaƙen yanka taba, kuma har yau aikin a rabe yake a can: maƙeri daban, mai washi daban, mai sa ƙota daban. Seki da ke lardin Gifu tsohon garin takubba ne, yanzu cibiyar wuƙaƙen masana'anta, can ake yin Shun da Misono da Miyabi. Tsubame da Sanjo a lardin Niigata su ne gidan Tojiro da Global. Sai Echizen a Fukui, da Tosa a lardin Kochi inda ake samun baƙaƙen wuƙaƙe marasa ado masu sauƙin kuɗi. Dokar 1876 da ta hana yawo da takobi tana cikin abin da ya tura maƙera da yawa ga kayan kicin da na gona.

Amfanin sanin wannan shi ne gane jabu. Wuƙar kirki tana faɗin abu uku ba ɓoye-ɓoye: sunan ƙarfen, lambar taurinsa, da kamfani ko garin da ya ƙera ta. Tallan da ke cewa "ƙarfen samurai" ko "salon Japan" kawai, ga ragin farashi na fitar hankali, ga rami a jikin ruwa wai na zura yatsa, ki wuce shi. Wani zanen damaskus ɗin ma buga shi aka yi a saman ƙarfe, za ki gane in kin ga wuƙaƙe goma zanensu iri ɗaya sak. Rubutun Japan a jikin ruwa ba hujja ba ce, kowa na iya buga shi. Wannan ba ya nufin duk wuƙar da aka yi a wajen Japan banza ce. Garin Yangjiang na Caina yana fitar da masu kyau da marasa kyau. Abin ƙi shi ne a sayar miki da ita da sunan abin da ba ita ba, a farashin abin da ba ita ba.

Ga mai farawa, wuƙar masana'anta daga sanannen kamfani ta fi ta maƙeri ɗaya kwanciyar hankali, domin duk ɗaya suke fitowa. In wani naki zai je Japan, ki aike shi titin Kappabashi a Tokyo ko Doguyasuji a Osaka, inda shagunan kayan kicin suke jere. Ki rubuta masa siffa da tsawo da ƙarfe a takarda, ki ja masa kunne cewa mai gefe biyu kike so. Ya bar ta a naɗe cikin kwalinta, domin dokar ƙasar ta hana yawo da wuƙar da ruwanta ya wuce santimita 6 ba tare da dalili ba, kuma a jirgi cikin babban akwati za ta shiga, ba jakar hannu ba.

7. Ki gwada ta kafin ki biya, ko ranar da ta iso

Ki riƙe ta yadda ake riƙewa: babban yatsa da manuniya su matse gindin ruwan, sauran ukun su naɗe ƙota. In gefen bayan wuƙar yana cizon yatsa, ana iya goge shi da sanfefa, ba aibi ne babba ba. Ki miƙa ta gabanki ki rufe ido ɗaya ki bi bayanta da kallo, ta zama a miƙe, ba murɗiya. Sai ki tsayar da bakin a kan shimfiɗaɗɗen katako, haske yana bayanta, ki ɗan gangara ta a hankali daga gindi zuwa kai. Ɗan ɗagawa a can ƙarshe daidai ne, da gangan ake yin sa don kada kai ya cake a katako. Amma in kika ga haske yana leƙowa a tsakiya alhali gaba da baya suna taɓa katako, ki mayar da ita. Wannan ramin zai riƙa bar miki ganye a haɗe, kuma gyara shi aiki ne babba.

Ki girgiza ƙota ki ji ko tana motsi, ki duba inda ƙarfe ya shiga icce ko akwai ramin da ruwa zai taru. In akwai ɗan rami, ki toshe shi da kakin zuma.

Daga nan sai takarda: ta ratsa ta ba tare da yagewa ba. Sai tumatir: ki ɗora baki ki ja kaɗan, ya shige fatar ba tare da kin danna ba. In ta faɗi wannan gwajin amma komai nata daidai ne, ba dalilin mayarwa ba ne, domin wasu maƙeran da gangan suke barin washin ƙarshe ga mai saye.

In ba a samu ba fa? Santoku ta maye gurbin nakiri. In ita ma babu, siririyar wuƙar ganye ta Caina mai faɗi tana yin aikin, sai dai ta fi girma, kuma ki tabbatar ba mai kaurin nan ta sara ƙashi ba ce. Akwai kuma Kiwi ta ƙasar Tailan, mai arha da sirantaka, ƙarfenta laushi gare shi don haka kullum tana neman washi. Ita ce ma mafi dacewa ki koyi yanka a katako da wasa wuƙa a kanta kafin ki taɓa mai tsada.

8. Washi da riƙo

Kada ki ba mai injin washi na kasuwa ita. Injin yana cin ƙarfe da yawa, zafinsa kuma yana kashe taurin baki. Kada a goga ta a siminti, ko bakin turmi, ko bayan wata wuƙar. Sandar ƙarfen nan mai kaushi ta mahauta ma tana ɓantale ƙarfe mai tauri.

Ki jiƙa dutsen King a ruwa kamar minti 10 har kumfa ya daina fita. Na Shapton yayyafa masa ruwa kawai ake yi. Ki ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Kusurwar da ake so wajen digiri 15 ce a kowane gefe. A kan nakiri mai faɗin milimita 50, wannan yana nufin bayan wuƙar ya tashi daga dutse kamar milimita 13, kusan kaurin ƙaramin yatsa. Ki shafa maka a bakin, ki goga sau kaɗan ki duba: in tawadar ta goge daidai a bakin, kusurwarki ta yi. In ta goge a sama ta bar baki, ki ƙara ɗagawa kaɗan.

Ki ɗora yatsu biyu ko uku a kan wurin da kike wasawa, ki riƙa turawa da jawowa, kina matsawa daga gindi zuwa kai. Ki ci gaba har sai kin shafa ɗaya gefen, daga baya zuwa baki, kin ji wani siririn kaushi ya fito tun daga farko har ƙarshe. Shi ne shaidar kin kai baki. Sai ki juya ki yi wa ɗaya gefen daidai adadin, sannan ki rage ƙarfin hannu ki riƙa sauya gefe har kaushin ya tafi. Kuskuren da aka fi yi da nakiri shi ne daɗewa a tsakiya, wanda ke haifar da ramin da muka ce a guje masa. Ki raba aikin daidai. Baƙin ruwan da ke taruwa a kan dutse kada ki wanke shi, yana taya washi. Dutsen kansa yana lotsawa a tsakiya, sai a baje shi da sanfefa mai kaushi da aka shimfiɗa a kan gilashi ko tayil. In babu dutse sam, sanfefar ruwa mai lamba 1000 a manne kan tayil za ta fitar da ke. A girkin gida, washi duk wata ɗaya ko biyu yakan isa, ko kuma duk ranar da tumatir ya fara gardama.

Wajen yanka, ki tura ta gaba da ƙasa a lokaci ɗaya, ki ɗaga, ki sake. Ba a lilo da ita a kan kai kamar wuƙar Turawa, ba a murɗa ta, kuma in za ki tattara albasa a kan katako ki juya ki yi da bayanta. Yatsun hannun da ke riƙe da abin yanka ki lanƙwashe su ciki, gaɓoɓin su jingina da jikin ruwan, babban yatsa a ɓoye a baya. Alayyafo da latas a wanke su sosai tukuna, domin yashi yana kashe kaifi nan take.

Da kin gama ki wanke ta da sabulu da soso mai laushi, ki share ta tas, ki ajiye. Ba soson ƙarfe, ba injin wanke kwanuka, ba jiƙawa. Mai tsatsa in za ta daɗe a ajiye a shafa mata mai kaɗan. A Japan man tsubaki suke sawa, wato man 'ya'yan wata bishiyar fure. Man gyaɗa zai yi na 'yan kwanaki, amma in ya daɗe yana danƙo. In tsatsa ta fito, tankaɗaɗɗiyar toka da ɗan ruwa a kan tsumma tana cire ta tun tana sabuwa. Wurin ajiya kuma ya zama kube, ko sandar maganaɗisu a bango inda hannun yara ba ya kai. In babu ko ɗaya, ki ninke kwali mai kauri daidai faɗin ruwan ki naɗe shi da salatif ya zama kube, kada dai ta shiga durowa tsirara tana karo da cokula.